Bindigar Kakanni Tana Nan, Cajar Watan Jiya Ta Mutu

A Amurka akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne tara tsofaffin bindigogi. Ba sojoji ba ne, wasunsu ko farauta ba sa zuwa. Mutum zai sayi bindigar da ta girmi kakansa, ya shafe ta da mai, ya rataye a bango, in baƙo ya zo ya sauko da ita yana ba shi tarihinta: wace masana'anta ta ƙera ta, a wace shekara, a kafaɗar sojan wace ƙasa ta yi yawo. Dokar tarayyar ƙasar ma ta san da zamansu. Bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan cikin kayan tarihi ake lissafa ta, wadda ta kai shekara 50 kuma tana da rukuninta, masu tarawa na yankar masa lasisi na daban.

Mu kam kunnenmu ya gaji da kalmar bindiga. Da can in an ce 'yan bindiga, dakarun fada ake nufi, masu ɗura albarushi ranar hawan Sallah su saki ƙarar da ƙasa za ta amsa, yara na toshe kunne suna dariya. Yau sunan ya koma kan waɗanda suka hana mu bin hanyar gida in rana ta faɗi. Da wuya ka samu ɗayanmu a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan wanda wannan masifa ba ta taɓa wani nasa ba. Saboda haka ba sha'awar makami ce ta kawo wannan magana ba. Ƙarfen ne ya tsaya mana a rai. Ta yaya abin da aka ƙera shekara ɗari da wani abu baya yake aiki har yau, mu kuma cajar wayar da muka saya watan jiya sai an karkata ta an danne da littafi kafin ta kawo wuta?

Ɗauki Lee-Enfield, bindigar sojan Ingila da ta fara aiki a 1895. Dattawanmu sun san ta, ita ce "mak-fo" ɗin da 'yan sanda suka daɗe suna rataye da ita. Dakarun sa-kai da ke sintiri a yankin ƙanƙara na arewacin Kanada sun riƙe ta tun 1947, sai wajen 2018 aka shiga sauya musu da sabuwa, kuma babban dalilin shi ne kayan gyaranta sun yi wuyar samu. Ita Mosin ta Rasha a 1891 ta fito, amma an gan ta a hannun mayaƙa a yaƙin Yukiren na wannan zamani. Wanda ya ƙera waɗannan ya san mai riƙe da ita zai shiga laka da ruwa da ƙura, ba kanti kusa, kuma in ta ƙi tashi ransa ne a bakinsa. Sai ya rage mata tarkace, ya yi ta yadda soja zai kwance ta a kan gwiwarsa ya goge ya mayar.

Haka tamu bindigar tokar take. Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda fatakensu na cikin masu shigo da irinta ta gaɓar teku, suna da sansani a Osu ta Akara har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Daga baya maƙeranmu suka karɓe aikin, na Awka ma suka yi suna a kai. Ba wani abin ɓoye a jikinta: bututun ƙarfe, itace, kunama, da ɗan abin da ke tayar da wuta. In itacen ya tsage masassaƙi na nan, in kunama ta saki maƙeri na nan, kuma maƙerin nan an san gidansa, an san ubansa. Bai isa ya yi aikin ha'inci ba, domin gobe a kasuwa ɗaya za su haɗu da maharbin.

Kada dai mu cika baki. Bindigar toka ta sha fashewa a hannun mai ita, akwai tsofaffin maharba masu guntayen yatsu da za su ba da shaida. Kayan da ma ba duka ne nagari ba, marasa kyaun sun daɗe da shiga bola, masu ƙarkon ne suka rage muke gani muna yabo. Amma ko an cire wannan, akwai abin da ya haɗa waɗanda suka rage ɗin. Keken Raleigh da aka yi ta zuwa gona da shi har jikoki suka koyi tuƙi a kansa. Keken ɗinki na Singer da ake gadonsa daga uwa zuwa 'ya. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, wadda kowane bakanike daga Legas zuwa Maiduguri ya san cikinta kamar ɗakinsa. Dutsen guga na gawayi. Dukkansu da noti aka ɗaure su. Abin da aka ɗaure da noti ana kwance shi, abin da ake kwancewa kuma ana gyara shi.

Yanzu gam ne ya maye gurbin noti. Wayar da ke aljihunka manne take ruf, batirin da da kake cirewa da farce ka sa wani yanzu sai an gasa bayanta da zafi kafin a kai gare shi. Ka kai ta kasuwar waya ta Ikeja don wani ɗan abu ya ƙone, yaron ya duba ya ce, "Alhaji, sai dai a canza fanel ɗin gaba ɗaya," kuɗin kuma ya kusa na sabuwa. Tocila mai caji takan yi haske kamar rana sati biyu, daga nan ta koma kamar idon mage. Fanka ta fara kuka kafin zafi ya wuce. Takalmi ya buɗe baki a damina ɗaya. Bokitin roba ya sha rana kwana kaɗan ya tsage tun daga baki har gindi. Zif ɗin jaka kuwa, a bar maganarsa. Ga iskar Legas mai gishiri da ke cin ƙarfe, ga wutar lantarki da in ta ga dama ta zo da ƙarfin da za ta kwashe duk abin da ta samu a soket.

Wani zai ce zargi ne kawai irin na masu kewar da. To akwai abin da ke rubuce. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram da Philips, sun ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Phoebus, suka tsayar cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, wanda nasa ya zarce kuma a ci shi tara. Alhali a wani ofishin 'yan kwana-kwana da ke garin Livermore a Kalifoniya akwai ƙwan da aka kunna tun 1901, yana nan yana ci, ko da yake haskensa kaɗan ne. Faransa ta kai ga yin doka a 2015 da ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi, kuma a 2020 ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane cewa sabunta manhaja na rage saurin tsofaffin wayoyinsu ba. Can ke nan, inda mai saye ke da hukumar da za ta tsaya masa. A nan, rasit ɗin da kansa yakan gaya maka cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa Sin laifin duka. Masana'antun da ke can suna yin mai kyau, suna yin na banza, abin da mai oda ya biya shi ake zuba masa a kwantena. In ɗan kasuwa ya ce a rage kaurin waya, a sa ƙarfe mai arha a madadin tagulla don farashi ya sauko, haka za a yi masa, kwalin kuma iri ɗaya ne da na mai kyaun.

Wa ke biyan wannan? Mai kuɗi yana sayen mai tsada sau ɗaya ya huta. Mai shayi, da mai gadi, da mai tura baro, da mai faskare, su ne ke sayen caja ɗaya sau biyar a shekara, in ka tara kuɗin ya fi na mai kyaun. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau ba shi da sukunin jiran mai tsada. Abin ya fi ciwo a kan tsarabar gida. Mutum ya yi wata uku yana tari, ya sayi fitilar sola ko rediyo ya ba direban tirela ya kai wa tsohuwa a ƙauye, bayan sati shida a bugo waya a ce abin ya daina. Ba mai gyara a garin, ba kayan gyara a ƙaramar hukumar. Ita kuma tsohuwar don kada ran ɗanta ya ɓaci sai ta goge shi ta ajiye a kan kwalla, ya zama kayan ado.

Shi ya sa wasu daga cikinmu suka koma kai wa mai gyara tambaya kafin su je wurin mai sayarwa. Shi ya san wanda ke yawan dawowa teburinsa da wanda ba ya gani sai shekara-shekara. A juya kayan a duba bayansa, noti ne ko gam? Ana samun batirinsa daban? In ya lalace a Funtuwa ko Azare akwai wanda zai iya buɗe shi? Sau da yawa tsohon kaya na hannu mai kayan gyara a kasuwa ya fi sabo dal a leda wanda ba wanda ya san cikinsa.

Game da bindigar gado kuwa, ga masu irinta a rataye a gida: dokar makamai ta 1959 ba ta san kayan tarihi irin na Amurka ba. Ko bindigar toka ce tana iya buƙatar lasisi bisa umarnin kwamishinan 'yan sandan jiha, kuma lasisin mamaci ba ya zama na magaji. Kada wani ya ce zai nannaɗe ta a tabarma ya sako a mota zuwa kudu don tunawa da kaka, shingayen hanya ba sa sauraron tarihi. A bar ta inda take, a nemi mai unguwa ko hakimi ya shige gaba a je wurin hukuma a daidaita takardunta, in kuma iyali ba su da buƙatarta a tuntuɓi gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano a ji ko za su karɓa.