Ƙarafan Da Ke Riƙe Da Tayoyin Baya

Masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin ƙarfe ne da roba da baƙin mai. Wanda ya saba da littattafai ya yi mini haƙuri, domin rayuwa ba duka a takarda take ba, wata tana can ƙarƙashin mota.

Akwai ɓangaren mota da mai ita kan shekara goma bai sa shi a ido ba. Muna wanke bodi, muna goge gilashi, muna duba man inji, amma wa ya taɓa durƙusawa ya leƙa abin da ke riƙe da tayoyin baya? A irin tawa, wato Toyota Camry ƙirar 2003, kowace tayar baya ƙarafa uku ne ke tsare da ita ban da shokozoba. Biyu sun taho a gicciye daga wani babban ƙarfe da ke tsakiyar mota, ɗaya kuma ya miƙe zuwa gaba. Bakanikai na ce musu "am", ni kuwa hannaye nake kiran su. A bakin kowane hannu akwai bushin, wato roba da aka matse tsakanin ƙarfe biyu, ita ke shanye girgiza. To roba ba ta jure zafi da ƙura da ramukan hanya har abada. Takan bushe, ta tsage, hannun ya fara wasa, taya ta daina tsayawa inda aka ajiye ta.

Tawa ta fara ne da wata ƙara, ƙwas-ƙwas, in na hau tudu ko na faɗa rami. Sai kuma na lura idan na ɗan taka a babbar hanya bayanta yana karkata kamar jelar kifi. Mai faci ne ya nuna mini na uku: tayar baya ta dama ta cinye ta ciki, waje kuwa kamar sabuwa. A wannan mota nake kai mahaifiyata asibiti duk wata, a kujerar bayan nan kuma yarana uku ke zama. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Na je gareji aka yi mini lissafi, kuɗin kaya da na aiki suka kusa rabin albashina. Ban ga laifin kowa ba, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Shi ma bakanike da iyali a gida. Sai dai ni aljihuna kuɗin kaya kaɗai zai iya ɗauka.

A ɗakin ajiyarmu akwai akwatin ƙarfe na marigayi mahaifina. Ya yi shekaru yana riƙe da Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma duk ƙaramin gyara da hannunsa yake yi, ni ina miƙa masa sifana. Na buɗe akwatin, warin tsohon giris ya doki hancina, na ji kamar yanzu zai ce, "Miƙo mini sha bakwai." Nan na yanke shawara.

Uwargida ba ta so ba. Ta ce, "Abban yara, kai malamin makaranta ne fa. In motar nan ta danne ka, me zan ce wa Hajiya?" Maganarta gaskiya ce, don haka na tafi wurin wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya tsufa a aikin kanikanci har idonsa ya yi rauni. Na gaishe shi na faɗa masa buƙatata. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, hannu naka, baki nawa. Amma da sharaɗi, ba za ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ba, ko da minti ɗaya ne." Na ce, "Na ji, Baba."

Tare muka je kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya ce a sayi na dama da na hagu gaba ɗaya, domin robar da ta mutu a gefe guda 'yar'uwarta ma tana hanya. Yana ɗaukar ƙarfe ya shafa bushin da babban yatsa, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Daren Juma'a na bi duk notoci na fesa musu man sassauta tsatsa, aka bar su suka kwana suna jiƙa.

Asabar bayan sallar asuba muka fara, kafin rana ta buɗe. Mota a kan daɓen siminti mai laushin shimfiɗa, ba a kan ƙasa ba. Baba ya sa na datse tayoyin gaba da manyan katakai gaba da baya, ya ce hambirki tayoyin baya yake kamawa, da zarar sun bar ƙasa ba shi da sauran amfani. Na sassauta notocin taya tun tana ƙasa, na ɗaga, na kafa ƙafafun ƙarfe guda biyu da ya ara mini, na kuma tura tayoyin da na cire ƙarƙashin bodi. Ya sa na girgiza motar da ƙarfi. Da ta ƙi motsi sannan ya ce, "Bismillah, shiga."

Jama'a, duniyar ƙarƙashin mota daban ce. Ƙasa tana zubo maka a ido, wuya yana sagewa, ga noti yana kallonka kamar ya rantse ba zai motsa ba. Wani sai da muka zura wa sifana dogon bututu kafin ya yi ƙara ya saki. Ƙusoshin ciki kuwa ba su da hanyar fita sai an sauke babban ƙarfen tsakiya kaɗan, don haka na saki salansa, na tallafe ƙarfen da jak, na kwance shi ya sauko a hankali. Ɗana na fari yana tsugune da kwano yana tara notoci, na dama daban na hagu daban. Da hannun farko ya fito, robarsa ta rabu da ƙarfen har ina juya ta da yatsa. Na kai wa uwargida ta gani. Ta yi shiru, can ta ce, "A kan wannan muke zuwa Zariya?"

Ɗaya daga cikin hannayen yana da zare a tsakiya, ana tsawaita shi ko a gajarta, da shi ake saita inda taya ke fuskanta. Baba ya sa na auna tsohon daga rami zuwa rami, na daidaita sabon da shi, don motar ta iya kai kanta wurin masu alaimen ba tare da ta ci taya ba.

Darasi mafi girma ya zo ne wajen ɗaurewa. Na mayar da komai, na sa notocin da hannu, sai Baba ya ce, "Kada ka matse. Roba ba ta juyawa a kan ƙusa, murɗewa take yi. In ka matse ta taya na lilo a sama, da ka sauke mota za ta zauna a murɗe, ta tsage kafin damina ta zagayo." Saboda haka sai da nauyin mota ya hau kan ƙafarta, ta zauna daidai yadda take zama a hanya, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya da sifanar awo. Notocin taya kuma na kai su 103 a ma'aunin Newton-mita, kamar yadda littafin motar ya ce. Ana kiran sallar la'asar muka gama. Litinin na kai ta aka yi mata alaimen, domin wannan aikin na'ura ne, ido da igiyar awo ba sa isa.

Ba ina cewa kowa ya kori bakanikensa ba ne. Wuni guda a ƙasa ya sa na ƙara ganin girman mutanen da kullum nan ne ofishinsu, kuma yanzu ba na yi musu dogon ciniki. Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe, ko daɓe mai kyau, ko wani masani a kusa, ya kai gareji, rai ya fi kuɗin aiki. Abin da nake roƙo kawai, mai karatu, gobe da safe kafin ka tayar da mota ka durƙusa ka shafa cikin tayoyinka na baya. In ka ji gefe ɗaya ya fi ɗaya sulɓi, motarka magana take yi maka, kada ka jira sai ta ɗaga murya a tsakiyar titi.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana riƙe sifana, Ya ƙara wa Baba lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.