Mun Kai Ziyara Garkunan Bagida

A wannan wata ba mu yi nisa ba. Daga Zongon Agoe muka tashi bayan sallar asuba, muka gangaro cikin gari, muka ɗauki hanyar Aneho, muka wuce tashar jiragen ruwa, sai ga mu a Bagida, kamar kilomita 13 gabas da tsakiyar Lome. Abin da ya kai mu kuwa wata gardama ce da ta tashi a majalisa. Wani ya ce salati da karotin da iyalinmu ke saye a kasuwa duk daga arewa ake kawo su, wani ya ce a'a, a nan bakin teku ake noma su, cikin rairayi. Muka ce gani ya kori ji.

Kafin mu shiga garka, ya kamata mu gaida garin. Da yawa cikinmu kan ratsa Bagida a mota ba tare da sanin cewa a nan aka kafa tushen ƙasar da muke zaune cikinta ba. A nan ne ranar 5 ga Yuli 1884 wani Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da wakilan Sarki Mlapa na garin Togo, aka ɗaga tutar Jamus. Bagida ce hedkwatar Jamusawa ta farko, kafin su koma Zebe kusa da Aneho, daga baya kuma Lome a 1897. Akwai abin tunawa da aka gina a garin a 1984, da abin ya cika shekara ɗari. A 1905 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Lome zuwa Aneho, ta bi ta nan, har ana kiranta hanyar kwakwa saboda yawan itatuwan da take ratsawa. Jirgin ya daɗe da daina bi. Kwakwar ma ta sha wuya, don tun cikin shekarun 1930 wata cuta ta faɗa mata, wadda masana suka sa wa sunan Kanyikope, ƙauyen da ke nan maƙwabtaka. Kakanninmu kuwa kwakwar Attagara suke ce mata, watau ta garin Ida da ke bakin Kwara, don ta can wajen take iso musu.

Garkunan na tsakanin hanya da teku. Rairayi ne fari tas, wanda in a ƙasar Hausa ne ko gero sai an yi masa taki. Amma ruwa na kusa, rijiya ba ta yin zurfi, ga kashin kaji ana zubawa. Fangali bayan fangali, ga salati, ga karoti, ga shu, ga barkono, ga albasa mai lawashi. Waɗansu na ban ruwa da injin, waɗansu da bokitin yayyafi biyu, ɗaya a kowane hannu, safe da yamma, don rairayi ba ya riƙe ruwa. Mai gardamar farko ya yi shiru.

Yawancin masu garkunan 'yan ƙasa ne, Ewe da Mina da mutanen arewa. A cikinsu muka tarar da wani dattijo Ba'adare, ya naɗe ƙafar wando yana cirar haki. Muka ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yawwa samari, sannunku da zuwa. Saye za ku yi ko kallo?" Muka ce tambaya. Ya yi dariya ya ce ita ce ba a biyan kuɗinta, sai ya ja mu fangalin albasa.

Albasa dai tsohuwa ce a duniya. Ga ta a cikin Suratul Baƙara, cikin abubuwan da Bani Isra'ila suka roƙa da suka gaji da abinci iri guda. Sunanta ma na faɗin hanyar da ta biyo. Mu daga Larabawa muka samo kalmar, ta hamada. Maƙwabtanmu Ewe kuwa sabala suke cewa, sunan da suka ji a bakin Turawan Fotugal da suka zo ta teku. Watau abu guda ne ya shigo ta ƙofa biyu, suka gamu a kasuwar Lome. Wadda ta fi suna ita ce ja ta Galmi, a jihar Tawa ta Nijar, mai yaji, mai jure ajiya, wadda manyan motoci ke kwana da kwanaki a hanya kafin su sauke ta nan. Dattijon ya ce irin Galmi yake shukawa, amma damshin teku ba ya barinta ta daɗe a ajiye kamar ta gida, don haka da lawashinta yake sayarwa. Ya ƙara da cewa masu karin magana sun yi gaskiya, albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma a nan ta ɗan yi halin iska.

Daga nan muka shiga abin da za mu kira baƙin da suka zama 'yan gida. Tumatir, barkono, attarugu, tattasai, gwanda, rogo, gyaɗa da masara, duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Wani cikinmu ya rantse ba zai yarda ba, ya ce yaya za a yi ƙuli-ƙuli da yajin tsire su zama baƙi? Amma haka abin yake. Kafin zuwan barkono, da masoro da kimba da citta kakanni ke ɗaga miya. Sunan masara kuwa na nuna cewa ta wajen Masar mutanenmu suka ɗauka ta fito.

'Yan asalin Afirka su ne kuɓewa, wadda Ewe ke kira fetiri, da yakuwa, da gauta, da lalo. Ademe ɗin nan da ake sha da akume a kowane gida na Lome, shi ne lalonmu, wanda 'yan'uwanmu na Gana ke kira ayoyo. Gboma kuma ɗan'uwan gauta ne, sai dai su ganyen suke so, mu ɗan. Bisaf da yara ke saye a leda, ai soɓorodo ne, jan yakuwa, kuma daga sunan nan namu ne mutanen Gana suka sami sobolo. Yaro da yawa a Zongo ya san ademe da bisaf, amma in ka ce masa lalo ko soɓorodo sai ya tsaya yana kallonka.

Da rana ta take, dattijon ya raka mu gidan wata tsohuwa Bahausa a cikin gari, ya ce in tarihin itace muke nema, ita ce littafi. Tsakar gidanta bai fi ɗaki uku ba, amma ga zogale, ga lalle, ga ɗoɗɗoya a fasasshiyar tukunya, ga gwanda bayan madafa, ga dogon yaro a ƙofar gida. Muka durƙusa muka ce, "Iya, ina wuni?" Ta ce, "Lafiya lau 'ya'yan nan, ku zauna a inuwa."

Ta ce lallen nan jika ne na wanda ke gidan mahaifinta a tsohon Zongo na tsakiyar Lome. Da aka tashi Zongon a 1977 aka mai da jama'a arewa da gari, kowa na ɗaure tabarma da tukunya, ita kuwa uwarta reshen lalle ta sara ta ƙunshe a tsumma. Da aure ya kawo ta Bagida ta sake saro wani. Ba ta san iyakar amaren da aka sa a lalle da ganyensa ba, kuma in ya yi fure ƙamshinsa har maƙwabta. Zogale kuwa, wanda waɗansu ke kira bagaruwar Makka, asalinsa ƙasar Indiya ne, kamar dogon yaro. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ya riƙe gidaje da yawa ranar da babu cefane, kuma malaman asibiti sun tabbatar ganyensa na gina jiki. Dogon yaro, mutanen Nijar bedi suke ce masa, Ewe kuma kiniti, watau itacen kwini, saboda ɗacinsa da ake dafawa in zazzaɓi ya kama. A nan muke jan kunne: zazzaɓin cizon sauro a jikin yaro ko mai ciki, asibiti ake kai shi, kada a tsaya kan ganye. Ɗoɗɗoya, in ji Iya, tana korar sauro, tana gyara miya. Da muka tambaye ta furen nan ja mai ƙaya da ke lulluɓe katangun masu kuɗi, wanda Faransawa ke kira buganbiliye, ɗan asalin Birazil, sai ta ce, "Ana ci ne? Ana sha ne? To na masu katanga ne."

Da la'asar muka leƙa bakin ruwa, a nan ne dariya ta ƙare. Tun da aka gama tashar jiragen ruwa a 1968, rairayin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma ya riƙa tsayawa a bayan katangar tashar, teku kuwa ta shiga cin gabar gabas. Tsohuwar hanyar Aneho ta daɗe da shiga ruwa. Mun ga rijiya tsaye kamar turmi, ƙasar da ke kewaye da ita ta tafi, igiyar ruwa na dukanta. Ta ɗaya ɓangaren kuma filaye ake yankawa ana gini. Dattijon ya ce wannan ce garkarsa ta uku, kuma ita ma aro ce, ranar da mai fili ya sami mai saye shi ke nan.

Teku ta fi ƙarfinmu, farashin fili ma haka. Amma reshen zogale ko na lalle ba ya neman kuɗi, sai rami da ruwan alwala. Muna roƙon masu gida a Zongo da sauran unguwanni, kowa ya dasa ko guda, iyaye mata kuma su riƙa kiran kayan miya da sunansu na Hausa a gaban yara. Mu dai mun dawo da reshe uku daga lallen Iya, biyu har sun yi toho. Wanda yake so ya zo bayan damina. Allah Ya sa albarka, amin.