Daga Tsohuwar Maiduguri Zuwa Bakin Teku: Labarin Jirgin Yaƙi Aradu

Tsohuwar Maiduguri unguwa ce a yau cikin Ƙaramar Hukumar Jere, amma a da gari ce mai zaman kanta da kasuwarta. Tana nan tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya bar Kukawa ya kafa Yarwa a shekarar 1907. Sannu a hankali Yarwa ta bunƙasa har ta haɗiye ta, amma kuma ta ari sunanta, ya zama da sunan wannan ƙaramin gari ne duniya ta san babban birnin Jihar Barno.

Baƙon da ya sauka a unguwar cikin bazara, abin da zai fara gani shi ne rairayi da inuwar darbejiya, da dattawa a kan tabarmi suna taɗi da Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa. Ruwa kuwa sai kogin Ngadda, wanda ke kawowa da damina ya janye da rani, kuma ko ya cika ya batse ba ya kai wa teku, a fadamun gabas yake ƙarewa. Daga nan zuwa Ikko tafiyar fiye da kilomita 1,500 ce a mota. Da wuya a sami wani babban birni a ƙasar nan da ya fi wannan nisa da teku.

To, me ya haɗa wuri irin wannan da manuwa, wato jirgin ruwan yaƙi? Abu na fari dai suna ne. Babban jirgin yaƙin da Nijeriya ta fi alfahari da shi sunansa Aradu, kalmar nan da Bahaushe ke rantsuwa da ita idan magana ta kai inda ta kai. Al'adar rundunar mayaƙan ruwa ce ta raɗa wa jiragenta suna da harsunan ƙasa. An yi jiragen da ake kira Dorina da Otobo da Erinomi da Enyimiri, dukansu dabba ɗaya suke nufi. An yi Damisa, an yi Kyanwa, a 2022 kuma aka karɓi Kada. Amma babu wanda ya kai Aradu suna a cikinsu, kuma da dukiyar ƙasa aka saye shi, wadda mai sayar da ƙosai a Tsohuwar Maiduguri take da haƙƙi a cikinta daidai da na attajirin Ikko.

YADDA AKA SAME SHI

A shekarar 1977, zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara, Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ba kamfanin Blohm da Voss na birnin Hambug a Jamus ta Yamma kwangilar ƙera shi. Ran 25 ga Janairu, 1980 aka tura shi cikin ruwa. Da farko Republic aka sa masa, wato Jamhuriya, daga baya aka sake masa suna. Ya iso Ikko a watan Disamba na 1981, kuma a watan Fabrairu na 1982, zamanin Shugaba Alhaji Shehu Shagari, aka shigar da shi aiki.

Tsawonsa mita 125 ne da ɗoriya, wato ya zarce filin ƙwallo. Nauyinsa in an yi masa lodi ya haura tan 3,300, kuma kusan mutum 200 ne ke aiki a cikinsa. Injuna iri biyu gare shi: na dizal domin doguwar tafiya cikin tattalin mai, da kuma wasu irin na jirgin sama waɗanda ake tayarwa idan ana son gudu, su kai shi kilomita 56 a sa'a guda. A goshinsa akwai igwa mai bakin milimita 127. Yana ɗauke da makamai masu linzami guda 8 na nutsar da jiragen ruwa, da wasu na kakkaɓo jiragen sama, da na farautar jiragen ƙarƙashin teku, a bayansa kuma ga dandalin saukar helikwafta.

Abin da ya bambanta shi da sauran jiragen zamaninsa shi ne dabarar ƙirarsa, wadda Jamusawa suka kira MEKO. Maimakon a dasa kowane makami a jikin jirgi dindindin, sai aka zuba makamai da na'urori cikin akwatunan ƙarfe masu awo ɗaya, yadda in ɗaya ya lalace ko ya tsufa za a ɗaga shi a sa wani ba tare da an farke jirgin ba. Aradu ne jirgi na farko a duniya da aka ƙera a kan wannan tsari. Ƙannensa guda huɗu ƙasar Ajantina ce ta saye su, kuma can a ajin distiroya aka sa su, wato masu hallakarwa, alhali a nan firget ake ce masa. A lokacin da ya iso, babu kamarsa a duk gaɓar Afirka ta Yamma.

SHEKARUN AIKI DA NA JINYA

Ya yi sintiri, ya kai ziyara tashoshin ƙasashen Afirka da dama ɗauke da tutar Nijeriya. Amma tun bai cika shekara shida ba tsautsayi ya fara binsa. A 1987 kaɗai sau biyu yana kafewa a ƙasa, ya kuma yi karo sau ɗaya. A 1991 aka shigar da shi ma'aikatar gyaran jirage ta sojojin ruwa a Ikko, bai fito ba sai 1994, kuma wajen gwajin bayan gyara ya sake kafewa. A 1997, lokacin da dakarun ECOMOG ke Laberiya, ya je Manrobiya, a can injunansa suka tsaya, ya yi watanni kafin ya lallaɓo gida.

Ba ƙarfen ne ya gaza ba. Jirgi irin wannan tamkar ingarman doki ne, kuɗin sayensa somin taɓi ne, hidimar tana wajen harawa da dawa da mai kula da barga. Yana bukatar kayan gyara daga Jamus da Italiya da Ingila, da makanikai masu horo, da fita teku a kai a kai domin kada hannun ma'aikata ya mutu. Farashin mai kuwa ya faɗi jim kaɗan bayan isowarsa, darajar naira ta zube daga 1986, daga baya kuma ƙasashen Turai suka hana Nijeriya makamai a zamanin Janar Sani Abacha. Dabarar nan ta akwatuna ba ta da amfani idan babu sabon akwatin da za a sa.

Duk da haka ya sake miƙewa. A watan Yuni na 2005 ya je Fotsmos a Ingila, ya shiga sahun jiragen ƙasashen duniya da Sarauniya Elizabeth ta duba a bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. A 2007 ya ƙetare tekun Atalantika zuwa Birazil. Bayan wannan sai ya shafe shekaru masu yawa ɗaure a bakin gaɓa. A 2011 Nijeriya ta karɓi wani jirgi daga masu gadin teku na Amurka aka sa masa Thunder, wato aradu ke nan da Turanci. Abin lura shi ne wannan jirgi tun 1968 yake aiki, ya girmi Aradu da shekara 14, amma saboda kulawar da ya samu shi ne ya iya kai tutar ƙasar nan Ostareliya a 2013. A watan Yuni na 2023, ƙarƙashin Babban Hafsan Sojojin Ruwa Awwal Zubairu Gambo, aka sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin a sabunta Aradu.

YAƘIN DA YA ZO TA TAFKI

An sayi Aradu ne domin abokin gaban da zai ɓullo ta teku. Sai ga shi yaƙin da ya fi cin rayukan 'yan Nijeriya a wannan ƙarni a nan Maiduguri ya tashi a 2009, daga bisani ya yi sansani a tsibiran Tafkin Chadi. Wanda ya bi hanyar Baga daga cikin gari, ya wuce kasuwar kifi inda ake sauke bandar tafki, ya bi ta Gajiram da Monguno, bayan tafiyar kusan kilomita 200 zai iske sojojin ruwan Nijeriya a bakin Sahara. A 2016 aka kafa musu sansani a Baga. A ƙarshen Disamba na 2018 'yan ta'adda suka auka wa garin, sansanin ma bai tsira ba, dubban mutane suka kwararo Maiduguri neman mafaka.

A wannan fage Aradu ba shi da ta cewa, ko da kuwa ana iya ɗauko shi. Shi yana bukatar ruwa mai zurfin fiye da mita huɗu, tafkin kuwa a yawancin wurare bai kai mita biyu ba, ga ciyawa ta toshe mashigai. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Abin da ke aiki a nan shi ne ƙaramin jirgi mai shafaffen gindi, da masunci Buduma ko Babarbare ko Bahaushe wanda ya san hanya. Masu tarihi ma sun san ba yau aka fara kawo jirgi tafkin daga nesa ba. A 1851, zamanin Shehu Umar, Bajamushe Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya yi yawo a tafkin cikin wani jirgin katako da aka ƙetaro Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma. Su biyun duka haifaffun Hambug ne, garin da aka ƙera Aradu.

Mutanen Maiduguri su ma sun ga ranar da kwale-kwale ya fi mota daraja. Ran 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Ngadda ya shiga gari cikin dare, ya mamaye Kasuwar Monday da harabar fadar Shehu da unguwanni masu yawa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Sojoji da masunta da 'yan sa-kai ne suka riƙa kwashe mata da yara daga kan rufin gidaje. Ita ma wannan madatsa a shekarun 1980 aka gina ta, tsarar Aradu ce, kuma ita ma gyara ta daɗe tana jira.

Saboda haka dattijon da ke zaune a inuwar darbejiya a Tsohuwar Maiduguri, ko da bai taɓa ganin teku ba, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane labarin wannan jirgi. Ƙasa tana bukatar babban jirgi a teku domin tsare man fetur da hanyoyin ciniki, tana kuma bukatar ƙananan jirage a tafki domin masunci ya koma sana'arsa. Amma ko babba ko ƙarami, ko jirgi ko madatsa, ranar da aka yanke ƙyallen buɗewa ita ce ranar da hidima ta fara. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amanar abin da aka saya da dukiyar talakawa, Ya kuma zaunar da Barno da Nijeriya lafiya.