Bawan Da Ya Sayi Gidan Ubangidansa

Yau labarin gaske na kawo muku, wanda da ni na ƙirƙire shi da kun ce na cika ƙarin gishiri.

An haifi Robert Smalls cikin bauta a 1839, a garin Beaufort na jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Yana ɗan shekara 12 ubangidansa Henry McKee ya tura shi ƙwadago birnin Charleston, inda ya koyi tuƙin jirgin ruwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke, aka sa shi aiki a jirgin sojojin Kudu mai suna Planter. Ranar 13 ga Mayu 1862, kafin gari ya waye, Turawan jirgin na kwance a gidajensu, ya ɗora malafar kyaftin, ya ɗauko matarsa Hannah da 'ya'yansu da iyalan abokan aikinsa. Ya wuce sansanin Fort Sumter yana busa alamar da masu gadi suka sani, ya miƙa jirgin ga sojojin Arewa. Haka suka sami 'yanci. A 1875 wannan bawa ya shiga Majalisar Wakilan Amurka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan. Smalls ya sayi gidan McKee, gidan da mahaifiyarsa ta yi bauta a ciki. Mu marubuta mun san me za mu yi da wannan dama, babi uku na ramuwar gayya, a watso kayan uwargida waje, kuna tafi. Shi kuwa da matar McKee ta tsufa, ƙarfi ya ƙare, sai ya ba ta ɗaki a gidan, ta zauna har rasuwarta.

Kuma duniya ba ta saka masa yadda muke sakawa a shafin ƙarshe ba. A 1895 jiharsa ta rubuta tsarin mulkin da ya raba mafi yawan baƙaƙen fata da ƙuri'a. Yana zauren, ya yi jayayya iya ƙarfinsa, aka rinjaye shi. Ya rasu a 1915 dokar na nan daram.

Ni dai ina sha'awar rubuta jarumi irinsa, wanda ya sami ikon wulaƙanta wanda ya bautar da shi ya ƙi. Tambayata, in na rubuta, za ku saya?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.