Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara



Lokacin da na zo Landan karatu, ba sanyi ne ya fara gigita ni ba, kuɗin mota ne. Ina zaune a Mile End, makarantarmu kuwa tana kusa da Russell Square, tafiyar kamar mil huɗu. Da na ga kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana neman cinye na cefane, sai na sayi keke na hannu. Na ce a raina, wanda ya tuƙa keke a Kasuwar Kurmi, ina abin tsoro a Landan?

Hanyar da na fara bi ita ce miƙaƙƙiya: titin Mile End, in ratsa Whitechapel da Aldgate, in ɓulla Holborn. Cikin kamar minti 25 na isa. Amma tafiya ce ta kafaɗa da kafaɗa da bas-bas da manyan motoci. A gida tun 1972 muke tuƙi ta dama, nan kuwa ta hagu ake bi, mai keke yana can gefen hagu, jikin dakalin titi.

Wata safiya na makara, na kutsa tsakanin dakali da wata babbar motar kaya a wurin danja. Da aka ba da hannu sai ta karya hagu. Direban bai gan ni ba, domin daga inda yake zaune akwai wurin da madubinsa ba ya nunawa, ni kuwa nan na tsaya. Na yi tsalle na faɗa kan dakali, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe. Allah ne ya yi da sauran kwana. Da dare na buga wa Hajiyarmu waya, na kasa gaya mata. Ita kuwa, kamar ta sani, ta ce, "Auta, karatu muka tura ka, ka riƙa bi a hankali."

Bayan na gyara keken sai wani abokina ɗan zangon Kumasi ya nuna mini hanyar bakin ruwa, wato Regent's Canal. An buɗe wannan magudanar a 1820, kuma siririyar hanyar da ke gefenta ta dawakan da ke jan jiragen kaya ce a da. Babu mota ko ɗaya. Kana tafe kana kallon agwagi da itatuwan Victoria Park. Sai dai ita ma da nata halin. Masu tafiya a ƙasa ke da fifiko, ƙarƙashin gadoji akwai matsi, dole ka kaɗa ƙararrawa ka rage gudu. In ka iso Islington ruwan ya shige rami mai tsawon kusan mita 880, ba hanyar ƙafa a ciki, sai ka hau sama ka ratsa unguwar Angel. Tafiyar takan kai minti 40, kuma da hunturu duhu kan rufa tun ƙarfe huɗu, ga santsi.

A hankali na gane mai keke ba taswira kaɗai yake dubawa ba. Yana auna sauri, da kwanciyar rai, da nishaɗi, kuma da wuya hanya ɗaya ta haɗa duka ukun. Ranar jarrabawa nakan fita da wuri in bi ruwa, don in isa da natsuwa. Ranar Juma'a nakan bi Whitechapel saboda Masallacin Gabashin Landan. Tun 2016 an raba yawancin layin keke na titin da na motoci, abin ya yi sauƙi, amma har yau ba na tsayawa gefen hagun babbar mota.

Shawarata ga sababbin zuwa ita ce, ku gwada hanyarku ranar Lahadi kafin ku bi ta da safiyar Litinin, ku sa fitila gaba da baya, kada ku yi ƙyashin minti 15. Iyayenmu takardar shaida suke jira mu kai musu, da ƙafafunmu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya maido mu lafiya, amin.