'Yan Asali da Baƙi: Wa Ke Cin Ribar Rigimarmu?



Da zarar zaɓen ƙananan hukumomin Abuja ya gabato, sai tsohuwar magana ta dawo kasuwa da ƙofar masallaci: su wane 'yan asali ne, mu kuma baƙi. Ɗan siyasa ya je wa Gbagyi ya ce Hausawa sun mamaye muku gari, ya zagayo wurinmu ya ce ana shirin korarku. Kowa ya kwana da fushi, shi ko ya kwana da ƙuri'a.

Gaskiya dai maƙwabtanmu suna da abin kuka. Tun da Janar Murtala ya kafa wannan birni a 1976, gonakinsu da kaburburan kakanninsu suka koma tituna da ma'aikatu. An kwashe wasu zuwa Kubwa, har yau ana jayayya kan diyya. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin Abuja minista, wato Zephaniah Jisalo. Kuma mu daina ce musu Gwari, tunda Gbagyi suke so a kira su. Alƙur'ani ya hana jifan juna da sunan da mai shi ba ya so.

Mu ma muna da namu. Sunan Abuja kansa daga Abu Ja ya fito, sarkin Zazzagawan da ya kafa garin da yanzu ake kira Suleja. 'Ya'yanmu nan aka haife su, amma takardar shaidar asali sai su tafi Kano ko Katsina, garin da wasu da salla kawai suke gani. Rusau ɗin zamanin El-Rufai kuwa, waɗanda suka rasa shaguna ba su manta ba.

To amma duba: Abuja ba ta da gwamna. Filayen duk suna hannun ministan da shugaban ƙasa ke naɗawa, ba mu muka zaɓe shi ba, ba su ba. Sanata ɗaya gare mu, 'yan majalisar wakilai 2. Abin da ƙuri'armu ke taɓawa kai tsaye shi ne shugabannin ƙananan hukumomi 6 da kansiloli. In muka ɓatar da wannan a kan ƙabila, me ya rage?

Don haka wanda ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi ruwan famfo, magudana, asibitin unguwa da kuɗin shago. In ya fara zancen wa ya riga wa zuwa, a ce masa mun ji, sai ruwan fa? Dattawanmu kuma su zauna da hakiman Gbagyi tun kafin lokacin kamfe, a kai koke da baki ɗaya.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.