Takalmin Bayan Ƙofa

Jiya da la'asar na hangi 'yar maƙwabtanmu tsugune a bakin ƙofa tana goge takalmin babanta da tsumma, takalmin da rabon a sa shi tun kafin azumin bara. Shekarunta 15. Uban soja ne, yana can wajen Monguno a jihar Borno, cikin rundunar da aka sauya wa suna daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai a 2021, ko da yake mutanen gidan ba sunan ne ya dame su ba, kiran waya suke jira. Da zai tafi gaɗa take yi a dandali. Yanzu ita ke raka ƙannenta Islamiyya, da ita ake lissafin kuɗin cefane, har ta iya gane "ba komai" ɗin mahaifiyarta mai komai a ciki. Ƙawaye kan ja ta gidan biki, ta sha lalle, ta yi dariya har da tafawa, amma wayar na dunƙule a hannunta, don in ya samu sabis ya kira, maganar ba ta wuce minti biyu. Nakan tuna ranar da zai dawo, wataƙila da tsarabar riga daidai tsawon yarinyar da ya bari, ya tarar da budurwa mai nata sirrin ta durƙusa tana cewa, "Baba, sannu da zuwa." Ta gama gugar, ta hure ƙurar igiyar, ta mayar da shi bayan ƙofa.